Yadda Na Ari Idon Matacciyar Ordinate

Ku matso, amma ku bar taɓa mini hantsaki. Kai mai jar hula, ɗazu na ji kana gaya wa abokinka wai wannan ai ba aiki ba ne, waya huɗu ce kawai, ja da baƙa da fara da koriya, ko akuya aka nuna wa sau biyu za ta haɗa. Na ji ka sarai. Idona ne ya tsufa, kunnena saurayi ne har gobe. To ga ni nan, Ilu mai rediyo, shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da ƙarfen dalma, kuma wayoyin nan huɗu sai da suka tsugunar da ni a tsakar gidana kamar ɗan koyo. Wannan ƴar kamara da kuke gani maƙale a kan eriyar tsohon rediyo tana leƙen teburina, daga goshin matacciyar ordinate na ciro ta, abin da ƴan Jibiya ke ce wa kwamfuta. Ba don nuna gwaninta na yi ta ba. Ido na rasa, kuma ban so kowa a Madarumfa ya sani ba.

Rediyon farko da na liƙa a Maradi ne, a rumfar maigidana Alhaji Tanko, Allah ya jiƙansa. Na wani mai shayi ne, ya faɗo daga kan benci waya ta tsinke a ciki. A lokacin ƙarfen dalmarmu ba na kuran ba ne, wato wutar lantarki, a garwashi ake gasa shi, kuma shekarata ta fari ba abin da na yi sai fifita gawayi da miƙa ƙarfe. Ranar da ya ce in liƙa da kaina, na tsaya ina kallon bakin waya biyu ban san inda kowace za ta ba. Ya sakar mini ranƙwashi, ya ce ja da ja, baƙa da baƙa, wanda ya ƙera abin ba mahaukaci ba ne. Na liƙa, rediyo ya yi magana. Daga ranar na riƙe wannan kamar karatun salla. Abu na biyu da ya koya mini shi ne mai gyara ba ya cewa ban iya ba a gaban mai kaya. Ka ce kayan gyara ba su iso ba, ka ce a dawo ran kasuwa, in ta ƙure ka ce wanda ya riga ka buɗewa shi ya ɓata. Yakan ce ranar da bakinka ya furta ban iya ba, ranar ka naɗe tabarmarka. Da waɗannan darussa biyu na dawo gida na kafa teburi kusa da tasha.

A teburin nan na ga kaya suna ta ƙanƙancewa a hannuna. Cikin rediyo fili ne, kana iya sa yatsa ka zagaya. Aka zo kaset, aka zo tele, sannan salula ta zo ta kori kowa. Ba na manta ta wani masunci da ta kwana biyu a ƙasan tabki kafin ya lalubo ta da ƙafa. Ya kawo mini ita binne a ƙwaryar gero, wai wani ya ce masa gero na tsotse ruwa, har da ɓawon kifi a bakin sharjinta. Na kwance ta ɗaya bayan ɗaya, na wanke farantin cikinta da tsohon buroshin haƙori da alkol, ruwan nan na wanke ciwo, na shanya a kan kwanon rumfa yini guda. Da na mayar da batir ta kawo haske. Mutumin nan ya yi ta zagaya tasha yana cewa Ilu ya ta da gawa, washegari kuma ya aiko mini da tarwaɗa biyu. Daga nan kaina ya fara kumbura, kuma gaskiya ban yi wani ƙoƙarin hana shi ba.

A shekarun nan ne aka kawo mini Laminu daga Safo. Shekara bakwai ya yi a gefena. Ba shi da surutu, hannunsa kuma ba ya rawa, ga shi in ka nuna masa abu sau ɗaya ya zauna. Na ranƙwashe shi iyakar yadda aka ranƙwashe ni, don kada gado ya ɓace. Da ya isa mutum ya yi aure, na sallame shi da albarka, na ba shi turnabis biyu na kwance kusa da tsohuwar mita ta gwajin wuta, ya buɗe nasa shago can tsallaken hanya, inda kuke hango koren ƙyaure. Kullum da safe sai ya tsallako ya gaishe ni kafin ya buɗe. Ni kuwa tun da ya buɗe ban taɓa taka ƙofar shagonsa ba, don a sana'armu maigida ba ya zuwa wurin wanda ya yaye. Shi ake zo wa.

Bakin sharji ne ya fara tona mini asiri, a cikin raina. Ƙafafunsa biyar ne a jere, kowace ba ta fi silin gashi ba, kuma tilas kowace ta sami tata dalma ba tare da ta taɓa maƙwabciyarta ba. Da can ina yinsa ina hira. Wata rana na duba sai na ga ƙafafun sun haɗe sun zama layi ɗaya. Na murza ido, na ce hayaƙin dalma ne. Na ja farantin baya, na ƙara ja, har hannuna ya ƙare. In na ɗaga kai ina iya karanta lambar kamiyon, babbar motar kaya, da ke can ƙarshen tasha, amma abin da ke tafin hannuna sai ya yi mini hazo-hazo. Na je Maradi a ɓoye na sayi tabarau a kan tiren wani mai talla, na ɓoye a aljihun tebur, ina sawa in ba kowa, in an yi sallama in fizge kamar wanda aka kama da kayan sata. Ya taimaka wajen karanta takarda, amma ƙafafun nan biyar sun fi ƙarfinsa. Na ga irin madubin ƙara girma mai ido biyu da samarin Maradi ke leƙawa, na tambayi kuɗinsa, aka faɗa mini abin da zai sayi raguna biyu, na ce dama tambaya nake.

Sai na koma liƙi da ƙiyasi. Hannuna ya san wurin, in ɗora dalma da yawa in ce Allah ya kai ta inda ta dace. Aka yi sa'a, ko in ce na ɗauka sa'a ce, a lokacin iyaka tana rufe, kayan gyara daga Jibiya da Katsina sai wanda ya gani. Kowa a tasha yana kuka, ina jin ni kaɗai ne a garin nan nake godiya a ɓoye, don na sami bango na jingina. Duk aikin da ya fi ƙarfin idona sai in ce kaya ba su iso ba. Abin da ya ƙara ruɗa ni, mutane ba su daina kawo mini aiki ba, kuma ba wanda ya dawo da ƙorafi. Su karɓa, su yi godiya, su tafi, bayan kwana biyu in gan su suna waya da abinsu lafiya lau. Na ce wa kaina, ka ji hannun gwani, ko ido rufe yana aiki. Kusan shekara biyu ina kan wannan yabon kai.

Salular Kande ce ta tsayar da ni. Kande ƴar Gabi ce, tana noman lambu, da salular nan take jin farashin tumatir da albasa kafin ta ɗora kaya a amalanke, da ita kuma take jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Najeriya. Ran kasuwa ta kawo ta, sai an karkata kabul take shan sharji. Na ce ƙaramin aiki ne, ta je ta sayar da kayanta ta dawo. Na cire tsohon baki, na ɗora sabo, na zuba dalmata yadda na saba. Da ta dawo ta ce in gwada a gabanta, don ita hanyarta da nisa. Na soka kabul, shiru. Na sake sokawa, shiru. Da can ana karkatawa ta sha, yanzu ko an yi mata ruku'u ba ta sha, ɗan abin da ya rage a batir kuma ya ƙare muna kallo. Ga mutane cike da rumfa.

Na juya salular sai na tuna ta ce Laminu ya taɓa canja mata gilashi da damina. Nan darasin Alhaji Tanko ya taso mini. Na ɗaga murya yadda har mai tsire zai ji, na ce ai ga matsalar, yaran yanzu ba sa jira su ƙware, wanda ya sa gilashin nan ya ƙona wani abu a ciki, ni dai na san ba haka na koya masa ba. Kande ta miƙo hannu ta ce to in ba ta abinta ta gwada wani wuri. Na hana. Na ce ba zan bari a ƙara jagwalgwala ta ba, ta bar ta a wurina sai kaya sun iso. Gaskiyar magana, tsoro nake wani ya buɗe ya ga abin da ni ban iya gani ba. Ta tafi tana share ido da gefen mayafi. Laminu yana tsaye a ƙofar shagonsa, ya ji komai. Washegari ya tsallako ya gaishe ni kamar kullum, ni ne ma na kasa haɗa ido da shi. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani, kuma nasa ɗin ma ni na ƙirƙira.

Mako uku salular tana aljihun teburina, duk ran kasuwa Kande ta leƙo in ce kaya ba su iso ba. Na fara tunanin naɗe tabarmar da gaske, in ce bayana ne ke ciwo. Ana nan sai Mushe Haruna, haka muke kiran malamin lakkol, wato makarantar boko, wanda ke zama a bencina bayan la'asar, ya ce in zo in ga wani abin mamaki. Bidiyo ne a salularsa, wai wani ya cire kamarar tsohuwar ordinate mai ninkewa, ya haɗa ta da kabul, ya soka a wata ordinate, ya murɗa idonta har ƙafar sauro ta koma kamar taɓarya a kan allo. Ya sa mini salular a gaban hanci. Ban ga komai ba sai inuwa tana motsi, amma na riƙa gyaɗa kai ina cewa ai mun san wannan tuntuni. Mai bayanin da Faransanci yake yi, ga sauri. Abin da kunnena ya tsinta kaɗan ne: wayoyi biyu da ke murɗe da juna su ke ɗaukar hoto, kuma kamarar ba ta son wuta ta wuce bolt uku da ɗan kai. Mushe ya ce ko ya sake kunnawa, na ce haba Mushe, sai ka ce yau na fara.

Ina da tsohuwar ordinate ta tebur mai babban allo, wadda nake tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a kati da ita, kuma allonta ni yake kallo, bayansa ne ke wajen masu kawo aiki. Na ce shi ke nan, zan sami ido ba wanda ya sani. A ƙarƙashin tebur akwai gawar ordinate mai ninkewa guda uku da masu su suka bar mini na ciri abin da zan cira. Kamarar tana nan a goshi, sama da allo, inda kuke ganin ɗan ɗigon gilashi. Za ka ɓanɓare robar da ta kewaye allon da bakin wuƙa a hankali, sai ka tarar da ɗan siririn faranti kamar tsinken tsire, manne da gam. Kada ka fizga, yana karyewa. Ka ɗaga shi ta gefe ɗaya, sannan ka yanke wayoyinsa da nisa, ka bar musu jela mai tsawo. Wannan duka hannu ke yi, don haka na fito da uku lafiya ina ta jin kaina.

Ta farko ko minti goma ba ta yi a duniya ba. Na yanke kabul na tsohon linzamin ordinate, ga waya huɗu: ja ta wuta, baƙa ta ƙasa, fara da koriya na saƙo. A jikin kamara kuwa guda shida ne, sirara kamar zaren gizo-gizo. Na sa tabarau, na kai su bakin rumfa wurin haske, na hango wata kamar ja da wata kamar baƙa. Maganar mai bidiyon nan ta zo mini, na ce shi ya san ta bidiyo, ni na san ta Alhaji Tanko. Ja da ja, baƙa da baƙa. Na soka. Wani ɗan wari ya taso, irin wanda duk mai gyara ya sani kuma ba ya so ya ji, na taɓa farantin ya ƙone mini yatsa. Ashe masu ƙera ordinate ba ruwansu da launi, kowane kamfani da abin da ya ga dama, ja tana iya zama ta saƙo, shuɗiya ta zama ta wuta. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

A ta biyu na yi hankali rabi. Na sa mita a wurin da take ƙara, na ɗora tsinke ɗaya a kan jan ƙarfen da ya kewaye ramin kusa, ina taɓa wayoyin ɗaya-ɗaya har ta yi tsuwa. Wadda ta yi tsuwa ita ce ta ƙasa, wannan kunne ya ba ni, ba ido ba. Saura ta wuta. Na yi canki-canka na zaɓi ɗaya, kuma ina jin na dace, don da na soka wani ɗan haske ya ƙyafta a jikinta. Murna ta sa na manta da zancen bolt uku, na bar ta tana shan biyar cur daga ordinate ina neman na saƙo. Kafin in gama lalube ta yi zafi, hasken ya mutu, ya bar ni da tsinke a hannu. Saura ɗaya. Na daɗe zaune ina kallonta, ko in ce ina kallon wajen da take. Abin dariyar shi ne, sai da ido zan iya haɗa abin da zai ba ni ido.

Laminu na tsallaken hanya, aikin minti biyar ne a wurinsa. Girman kai ya ce mini ko kusa. Na naɗe kamarar a ƙyalle, na ɗauki mita da ƙarfen dalma, na rufe rumfa tun azahar na tafi gida. Na tarar da Rabi, uwar ƴaƴana, tana tsince shinkafa a faifai, tana fitar da tsakuwar da ni ko a baki sai na tauna nake sanin tana nan. Na yi gyaran murya, na ce mata wani abu ya faɗa mini a ido yau, ko za ta duba mini wasu ƴan wayoyi. Ta ajiye faifan, ta karɓa, ba ta ko kalli idon nawa ba.

Ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam. Shi wannan abin da ya faɗa maka, ya daɗe a ciki."

Na yi kamar ban ji ba. Na ce ta gaya mini abin da take gani. Ta ce guda shida ne, biyu a tufke suke kamar igiyar guga, sauran kowace ita kaɗai. Ta juya bayan farantin ta ce akwai rubutu ƙanana a gindin kowace waya. Rubutu! Kamara biyu na kashe, ashe amsar tana rubuce a bayansu. Rabi ba ta yi boko ba, amma ta yi makarantar allo, ta iya kwaikwayon abin da ta gani. Ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗauki tsinken tsintsiya, ta riƙa zana mini kowane baƙi da girman tafin ƙafa, a jere yadda wayoyin suke. Ni kuma na ja da baya na tsuguna ina karantawa. Ga uku da alamar bolt, wato ta wuta. Ga ta ƙasa, ta yi daidai da wadda mita ta yi wa tsuwa. Ga biyun saƙo, su ne masu tufka. Sauran biyun na ɗaukar murya ne, ba ruwanmu da su. Kaji suka zo za su bi ta kan rubutun, na kore su da hula kamar mai gadin taska.

Don rage wutar na ciro diyod biyu daga cikin wani tsohon rediyo, manya ne, su ina ganinsu. Kowane yana shan ɗan kaso na wutar da ta ratsa shi, in ka jera biyu a kan jar waya, biyar ɗin nan sai ta sauko kusa da abin da kamara ke so. Liƙin sirarun wayoyin kuwa Rabi ce ta yi. Na nuna mata yadda ake fere bakin waya da reza ba a yanke ta ba, da yadda ake shafa wa kowane baki dalma tukuna kafin a haɗa su. Ta ƙona yatsa sau ɗaya, ta sa a baki, ta ci gaba. A na uku hannunta ya faɗa. Ta ce ashe abin da nake dawowa ina nishi a kansa ke nan shekara da shekaru, ai zanen lalle ya fi shi wuya. Na ce ta dai liƙa, ba a tambaye ta ba.

Da safe na soka a ordinate. Ba wari, ba zafi, amma ordinate ta ce ba ta gane abin da aka soka mata ba. Wannan ba ya kisa, ku riƙe: in kun juya na saƙo biyun, sai ku musanya su kawai. Ta ɓangaren kabul na musanya, inda wayoyin ke da kauri. Na sake sokawa, sai ga wani tsoho a allo, baki buɗe, tabarau a karkace. Na ɗan jima kafin in yarda ni ne. Saura ido. Ƙwayar gilashin a ɗaure take da ɗigon gam, an saita ta don fuskar mai zaune nesa kaɗan. Na kankare gam ɗin da bakin allura, na kama ta da hantsaki na riƙa murɗowa waje kaɗan-kaɗan, ina riƙe da dala biyar a ƙarƙashinta, har rubutun jikin kuɗin ya fito ɓaro-ɓaro, kowane baƙi kamar ɗan yatsa. Na ɗaure ta a eriyar rediyo don in riƙa ja sama da ƙasa, na maƙala mata ƙwan tocila a gefe. Wallahi sai da na yi hawaye, ni kaɗai a rumfa.

Na jawo aljihun tebur na fito da salular Kande, na kwance, na tura farantin ƙarƙashin kamara. Har a lokacin akwai wani lungu a zuciyata da ke fatan in ga laifin Laminu. Na fara duba wajen gilashin da ya sa. Tsaf, kamar daga kamfani. Na matso da bakin sharji. Jama'a, abin da na gani ba liƙi ba ne, kashin shanu ne. Wani ƙaton curin dalma ya kwanta a kan ƙafafu uku ya haɗe su, ƙafa ta biyar kuma tana sama ko taɓa faranti ba ta yi ba, ga wani ɗan ƙaramin abu a gefe da na gasa ya karkace. Na san hannuna, ba wanda ya taɓa wurin sai ni. Gwano ba ya jin warin jikinsa, to ranar an kawo mini nawa a faranti, an ƙara masa girma.

Gyaran ya ci mini yini guda, don liƙi kana kallon allo ba kana kallon hannunka ba wani sabon koyo ne, ka nufi dama ƙarfe ya tafi hagu. Na tsotse curin da silin jan waya, na bi ƙafafun ɗaya-ɗaya. Da la'asar na soka kabul, alamar batir ta fito. Na aika wa Kande da abinta ta hannun mai amalanken garinsu, da saƙon cewa laifina ne, ta yafe mini. Wannan mai sauƙi ne, tana Gabi. Mai wuyar yana tsallaken hanya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na jira ran kasuwa, don a gaban mutane na yi ɓarnar. Na tsallaka hanyar nan da ban taɓa tsallakawa ba. Laminu ya gan ni ya miƙe da sauri har ya ture kujera. Akwai mutum biyar ko shida a shagon. Ban zauna ba. Na ce ku shaida, abin da na faɗa a kan salular Kande ƙarya na yi, aikin Laminu ba shi da aibu, ni na ɓata ta. Na ƙara da wadda ta fi nauyi, na ce idona ya kusa shekara biyu ba ya ganin ƙananan abubuwa, na ɓoye wa kowa.

Na jira a yi salati. Ba wanda ya yi. Wani ya sunkuyar da kai, wani ya shiga gyaran hularsa. Laminu ya jawo kujera ya ce in zauna, ya tsuguna a gefena, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ai mun sani. Duk salular da ta fito daga teburinka, ta nan take biyowa kafin ta tafi gida. Ba ni na tsara ba, su ne. Sun ce kai ka gyara rediyon iyayensu, ba za su bari teburinka ya bushe ba. Ta Kande ma da a ce ka ba ta abinta ranar, da kafin yamma an gama."

Na dubi mutanen shagon ɗaya bayan ɗaya. Uku daga cikinsu a watan nan na yi musu aiki, suka yi mini godiya har da sa albarka. Ashe ni ina fizge tabarau in an yi sallama, gari guda kuma yana kawar da kai don in gama fizgewa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun ina fifita gawayi, kuma a cikinta akwai wani daɗi da ban san sunansa ba.

Laminu ya miƙe. Ya shiga ciki ya fito da kwali, ƴan kamarori ne a ciki sun fi goma. Ya ce ya ji labarin abin da na haɗa, shi ya daɗe yana tara su bai san yadda ake yi ba, ko zan koya masa. Na gyara zama. Na ce ya kawo reza da mita, kuma ya buɗe kunne don ba na maimaita magana. Ya ɗauko ɗaya ya baje wayoyinta a kan tebur. Daga inda nake zaune, da ɗan nisa, ina ganin hannunsa sarai. Tun kafin in ce komai yatsunsa suka tafi kai tsaye kan biyun nan masu tufka, suka ware su gefe. Sai ya tsaya, ya janye hannun a hankali, ya mayar da su cikin ƴan'uwansu, ya ɗago kai yana kallona.

Ya ce, "Baba, da wacce ake farawa?"

Na gaya masa.